Yatsu Huɗu a Cikin Ƙasa

Ranar Talata da safe Athol ya fito baranda riƙe da kofin shayi, ya tarar kilematis, shukar furen matarsa mai yaɗo, ta zube. Jiya da yamma lafiyarta ƙalau. Ta naɗe ragar katakon da ya kafa mata, ta yi yaɗo har bakin rufi, ga ƙunshin furanni sun fi arba'in, kowanne ya kumbura, shunayyar ciki ta fara leƙowa. Yau kuwa ganyen ya langaɓe kamar alayyahon da aka sheƙa wa tafasasshen ruwa, furannin duk sun sunkuyar da kai. Ya tsoma yatsa a gindinta, ƙasa da damshinta. Ba ƙishi ba ne.

Bai ɗago ba ya ji ƙwas-ƙwas a gilashin taga. Merle ce, matarsa. Tun da ƙugunta ya ƙi gyaruwa ta koma wuni a kujera bakin tagar nan, kuma in tana neman mijinta da zoben aurenta take buga gilashi. Ya matsa ya ɗaga mata tagar.

"Na gani tun ɗazu," in ji ta. "Ciwon yaushi ne. Ya taɓa kama ta a gidan Mama, shekarar da muka yi aure. Ɗauko almakashi ka yanke ta dab da ƙasa."

"Duka?"

"Duka. Ganyen kuma ka ƙone, kar ka zuba mini shi a ramin taki. Haba tsoho, ji fuskarka, sai ka ce an aiko maka da mutuwa! Za ta tsiro daga ƙasa. Ai don irin wannan ranar ake binne ta da zurfi. Yatsu huɗu, ka tuna?"

"Na tuna," in ji Athol.

Ya tuna kuwa, kuma tunawar ce ta sa shayin ya huce a hannunsa.

Shukar nan ta girmi aurensu. A bangon gidan mahaifiyar Merle take a garin Cygnet, daga can Merle ta kawo reshe gonarsu tana amarya. Shekara uku da suka wuce suka sayar da gonar suka dawo wannan ɗan gida na garin Franklin, kusa da kogi da kantin magani. Kafin su tashi Merle ta lanƙwaso reshe ɗaya ta danne shi cikin tukunya har ya yi saiwa, ta riƙo tukunyar a cinyarta cikin mota. Gidan Cygnet an rushe shi tuntuni. Wanda ya sayi gonar kuma ya sa katafila ta share komai, har da uwar shukar. Saura wannan ɗaya tal a duniya.

Ranar dashe Merle tana asibiti, an yi mata aikin ƙugu. Sau uku ta nanata masa daga kan gado: ya haƙa rami mai zurfi, wuyan shukar ya nutse yatsu huɗu a cikin ƙasa, don gaɓoɓin da ke binne su ne ajiyarta in sama ya mutu. Sannan ya jera falalen duwatsu a gindinta, domin ita shukar, samanta na son rana, ƙafarta na son inuwa. Athol ya ce to.

Athol ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da za su ce maka to har da murmushi, su je su yi abin da suka ga dama, don sun riga sun tabbata sun fi ka sani. Shekara arba'in da uku yana noman tuffa, kuma a wurin manomin tuffa doka ɗaya ce ba a taɓawa: wuyan itace ba ya shiga ƙasa. Gaɓar da aka yi auren itacen, wato inda aka haɗa reshe da gindi, dole ta tsaya a sarari tana shan iska. Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗauke shi da mari a ƙeya kan ya binne wuyan dashe ɗaya. Da ya durƙusa gaban ramin da tukunyar Merle, hannunsa ya ƙi. Ya ce a ransa, camfin mata ne, ruɓewa za ta yi. Ya mayar da ƙasa cikin ramin, ya dasa ta daidai da fuskar ƙasa, tsaf, yadda ya dasa itatuwa dubu. Duwatsun kam ya jera su da kyau, su ne ma suka rufa masa asiri.

Da Merle ta dawo da sandunanta ta tambaye shi. Ya ce, "Yatsu huɗu cif." Shukar kuma ta yi ta fure shekara uku, furanni faɗin tafin hannu, shunayya mai duhu da jan layi a tsakiyar kowane ganyen fure, har masu wucewa kan tsaya a shinge. Akwai ranar da saura kaɗan ya gaya mata gaskiya, don ya yi mata dariya.

Ya yanke ta ranar Talatar, ya ƙone ganyen a bayan gida, ya bar ɗan kututture kamar tsinken ashana.

Daga nan sai jira, kuma jira shi ne aikin da Athol bai taɓa iyawa ba. Kowace safiya ya cika butar ban ruwa ya zuba tsakanin duwatsu a hankali. Ya tsince dodon koɗi ɗaya-ɗaya ya jefa bayan shinge. Ya kewaye wurin da ragar waya, ko da yake babu abin da wata dabba za ta ci. Ya sayo takin ciyawar teku mai warin tsiya ya dama ya zuba. Kowace safiya kuma sai ƙwas-ƙwas.

"Ta leƙo?"

"Tukuna."

"Ta Mama sati biyar ta yi. Bar ta, tana da taurin kai, danginku ce."

Sati biyar ya wuce, Kirsimeti ya wuce. Ragar katako na tsaye tsirara a gaban tagar, Merle na kallonta da fara'a, har tana tsara yadda za a ɗaure sabon yaɗo, wannan karon a karkata shi hagu don inuwar ta faɗo kan kujerarta. Duk sanda ta yi irin wannan magana sai Athol ya kawar da kai. Tsoro yake ji, da kunya, kuma babu wurin da zai kai su.

Wata Asabar Merle na barcin rana, maƙwabciyarsu Noeline ta leƙo ta kan shinge. Bazawara ce mai baki, shekara talatin tana cin kyautar furanni a baje-kolin Huonville, kuma ba ta bari kowa ya manta.

"Athol, kana ban ruwa ne ko wanka kake yi wa duwatsu? Wata biyu ke nan fa."

"Merle ta ce a jira."

"In an binne ta yadda ya kamata, da yanzu ka ga jan toho." Ta tsura masa ido ta saman tabarau. "Wa ya dasa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon duwatsun.

"Kai! Kai, Athol! Kar ka ce mini irin dashen tuffa ka yi mata."

"Rage murya, don Allah."

Noeline ta zagayo ta ƙofa da silifas ɗinta, ta durƙusa da ƙyar tana nishi, ta ɗage duwatsun. Da ɗan yatsa ta tone. Ba ta yi nisa ba, don babu nisan da za a yi. Kan saiwar na nan a sama-sama, ya yi baƙi, ya yi laushi, ta ɗan taɓa shi ya marmashe. Ta ƙara tonawa gefe, ko za a dace da idon toho ɗaya mai rai. Ta sa Athol ma ya tona. Babu.

"Ku manoman tuffa, komai a wurinku tuffa ne," ta ce, tana goge hannu a siket. Sai ta ga fuskarsa, ta sassauta. "Saurara. Akwai wurin sayar da dashe a hanyar Hobart, suna da shunayya iri-iri. Ka sayo ƙarama, ka dasa tana barci. Bakina ƙanin ƙafata, ba mai ji."

"Za ta gane."

"Sai ta yi fure za ta gane, wato sai baɗi. Kafin nan Allah kaɗai ya san..." Ta haɗiye sauran.

Ya je kuwa, ranar Litinin, ya ce da Merle zai je duba tayar mota. Ya yi ta zagaye tsakanin tukwane yana karanta hotunan da ke rataye. Wata ta yi haske da yawa, wata ba jan layi, wata layin ya yi faɗi. Ya tambayi mai wurin, ta tambaye shi sunan irin. Bai sani ba. Merle ma ba ta taɓa sani ba, ta Mama kawai ake ce mata. A hanyar dawowa ya ratsa ta tsohuwar gonarsu, ya tsaya a bakin titi. Inda barandarsu take a da, yanzu layukan itatuwan ceri ne ƙarƙashin farar raga, ƙasar a share tas, ko ciyawa ba a bari ba. Ya daɗe a mota hannunsa kan sitiyari. Mutumin da ya iya aurar da itace ido rufe, yau ba shi da ko tsinke ɗaya da zai aurar.

Washegari da safe ya cika butar kamar kullum. Ƙwas-ƙwas. Maimakon ya ɗaga tagar, sai ya ajiye butar ya shiga ciki, ya cire hula, ya tsaya gaban kujerarta.

"Lafiya, tsoho? Ta leƙo ne?" Fuskarta har ta fara washewa.

"Merle, ba za ta fito ba."

"Ka cika gaggawa. Akwai waɗanda ke shekara guda a ƙasa kafin..."

"Ba komai a ƙasan. Ban binne ta ba. Daidai da ƙasa na dasa ta, na rufe da duwatsu. Mun tona ni da Noeline, ta ruɓe."

Ya so ta yi faɗa. Merle ta iya faɗa, ta taɓa jifansa da cokalin miya a kan abin da bai kai wannan ba. Amma ta zauna tana kallon hannayenta da ke kan bargo, tana juya zoben da babban yatsa.

"Sau uku na gaya maka," ta ce a hankali.

"Sau uku."

"Na tambaye ka kuma."

"Kin tambaya."

"Shekara arba'in da shida na bi ka, Athol. Ka ce a sare tsofaffin itatuwa, aka sare. Ka ce a sayar da gona, na sa hannu." Ta ɗaga hannunta na dama, ta naɗe babban yatsa, ta dubi sauran yatsu huɗun. "Iyakar abin da na roƙe ka ke nan."

Ya ce ko ya haɗa mata shayi. Ta girgiza kai. Ta ɗan ƙara duban ragar katakon ta gilashi, sannan ta dafa hannun kujerar.

"Juya mini kujerar nan ta kalli ciki."

Ya kama bayan kujerar ya juya ta a hankali don kar ƙugun ya motsa, har fuskarta ta koma wajen bango da talabijin. Ya gyara mata bargo, ba ta hana shi ba.

Da ya fita baranda butar na nan inda ya ajiye ta, cike. Ya ɗauka, don bai san abin da zai yi da hannayensa ba, ya durƙusa ya zuba ruwan tsakanin duwatsu har ya ƙare. Ya zauna nan kan gwiwoyinsa yana sauraron gilashin.