Jan Hancin Ladan

"Ƙyale shi, Inna Tahira. In abin ya sake shi zai tashi da ƙafarsa," in ji Kamilu ɗan acaɓa, yana dariya daga kan babur.

Malam Abdussalam yana yashe a bakin hanyar gona, fartanyarsa can gefe, baki a karkace, yana son magana harshe ya ƙi. Tahira, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ta dire kwanon dambun da za ta kai wa 'ya'yanta gona, ta tallafo kansa.

Shi ne ladanin garin kafin fuskarsa ta ja masa. Farin mutum ne, sai kumatunsa suka fara ja kamar an mare shi, ƙuraje suka feso, hanci ya yi ta kauri, idanu jajur. Likita a Ɗanbatta ya ce ciwon fata ne, ba a ɗaukarsa, sai dai lallaɓawa: ya shafa magani, ya guji yaji da shayi mai zafi da rana. Manomi ya guji rana! Sai wani direba da ya taɓa zama a kudu ya ce shi ya san irin wannan hancin, na mashaya ne. Maganar likita ta tsaya a gida ɗaya, ta direba ta zaga gari. Aka karɓe masa makullin masallaci, ko tambayarsa ba a yi ba.

Tahira ta san ƙarya ce. Tun rasuwar matarsa ita ke miƙa masa miya marar barkono ta kan katanga, mutumin da ko goro ba ya ci.

"Kamilu, don girman Allah kai shi asibiti. Ba buguwa ba ce, dubi hannunsa ya saki."

"Ya yi min amai a babur? Haba Inna!"

Mutane suka taru, kowa ya kama ƙugu. Alhaji Sha'aban, wanda da hannunsa ya karɓi makullin, ya raba su ya shigo.

"Tahira, rufa wa kanki asiri. Mace da jikoki, kin rungume kan mashayi a bakin hanya? Gobe sai a ce ke kike sayo masa."

Maganar ta soke ta, kunya ta rufe ta. Ta mayar da kansa ƙasa a hankali. Malam ya bi hannunta da ido. Ta kwasa da gudu cikin gari neman amalanke, tana kuka tana jin haushin kanta, gida biyu suka ce shanu suna gona.

Da ta dawo tana tura baro, dariyar ta mutu. Wani ya cire hula. Jan fuskar nan duk ya janye, ta koma fari fat, kamar ta wani baƙo.

Alhaji Sha'aban ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa. Tahira ta zaci kalmar shahada zai yi, ko idanun zai rufe. Sai ya kai hanci bakin gawar ya shinshina, yana neman warin giya. Ya sake shinshinawa, ya daɗe a sunkuye.

"Yaya, Alhaji?" in ji Kamilu.

Alhaji ya miƙe yana kaɗe ƙasar gwiwarsa, bai kalli kowa ba. Wata tururuwa ta hau kuncin Malam tana tafiyarta, har ta kai gefen ido.