Kyanwar Tsumma

A layin nan babu wanda ya san Kumfa da wani suna in ba Kumfa ba, don tun safe har yamma hannuwansa a cikin bokitin sabulu suke. Wankin mota yake yi a wani fili mai daɓen siminti, da injin feshin ruwa ɗaya, da rumfar kwano, da kare. Ya tsinci karen ne yana ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin wata mota da aka kawo wanki, ya raine shi da madara a murfin gwangwani. Ya sa masa suna Direba, saboda da an buɗe ƙofar mota zai haye kujerar gaba ya harɗe, kamar makulli kawai yake jira. Kumfa yana son karen nan so na gaske. Matarsa takan ce in aka tambaye shi yawan 'ya'yansa, da Direba zai fara ƙirge.

Filin na Inna mai ɗinki ne, wadda shagonta ke manne da wurin, shingen waya ne kawai a tsakani. Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, kuma wadda ta yi ba ta maimaitawa. Tana da jar kyanwa mai suna Manaja, wadda aikinta shi ne ta hau tebur ta kalli masu aiki. Inna dai ta ce tana kama ɓerayen da ke cin yadi. Babu wanda ya taɓa gani, babu kuma wanda ya isa ya musa.

Wata Litinin da hantsi Manaja ta sauko zagayen duba ma'aikata, ta ratsa ta ƙarƙashin shinge. Direba ya hango ta. Kafin Kumfa ya ajiye soso, sun zagaye wata farar bas sau biyu, sun kifar da bokiti uku, Manaja ta kutsa ta cikin waya ta yage ƙafa. Direba ya dawo da gashin wutsiyarta a baki yana kaɗa jela, yana jiran a yaba masa.

Da yamma, bayan Inna ta dawo daga wurin likitar dabbobi da kyanwarta a kwali, ƙafa naɗe da bandeji, Kumfa ya je ba da haƙuri. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi ta jero kalamai, kuma da ya tsaya a nan da ya tsira. Amma bakinsa ya ja shi, ya ƙara da cewa ai halin kare ke nan, haka aka halicce shi, ba laifin kowa ba ne.

Inna ta tsayar da keken ɗinki, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗan nan, shekara biyu ina kallonka ta tagar nan. Wa yake jefa masa tsumman goge mota, mai gashin nan, yana ce masa kamo? In ya kamo ya girgiza shi, wa yake shafa masa kai?"

Kumfa ne kuwa. Kullum in babu mota, wasansu ke nan, shi da Direba. Kunya ta rufe shi, don ashe da hannunsa ya koya wa karen cewa duk abu mai gashi da ya ruga, nasa ne.

Ta ba shi mako biyu. Ta ce in Direba ya sake bin Manaja, zai bar mata fili. Kumfa kuwa ya san ba shi da inda zai kai shi, don ɗaki ɗaya suke haya a bene, kuma maigidan ko kaza ba ya yarda a ajiye.

Washegari ya ɗaure ƙasan shingen da sabuwar waya, sannan ya tafi wurin likitar, wai tambayar yadda ciwon Manaja yake, alhali shawara ya je nema. Likitar ta yi masa dariya ta ce duka ba ya cire wannan hali, tsawa ma ƙara zuga shi take yi. Ta ce ya sa wa karen doguwar igiya, ya kira sunansa sau ɗaya tak idan abu ya gifta, in ya juyo ya dube shi, ya ba shi ɗan nama nan take. Daga ranar aljihun Kumfa bai rabu da gutsattsarin nama ba, har karnukan layin suka fara raka shi gida, matarsa kuma ta hana shi rataye wandonsa a ɗaki.

Matsalar ita ce abin da zai gifta. Yana tsaye yana sosa ƙeya sai wani abu ya faɗo ta saman shinge. Kyanwa ce ta tsumma, an ɗinka ta da ragowar jan yadi, idanunta maɓallai biyu da ba su dace da juna ba, an ɗaura mata doguwar igiya a wuya. Ɗaya bakin igiyar yana tagar Inna.

"In na ja, ka kira shi," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ranar farko ta ja, Kumfa ya kira, Direba ya cire wa kyanwar kai. Inna ta karɓa ta mayar da kan. Rana ta biyu wutsiya ce ta tafi. Zuwa rana ta huɗu kyanwar ta sha ɗinki har ba a gane gabanta da bayanta, kuma masu kawo mota sun daina zama a rumfa suna latsa waya, sun koma jeruwa a jikin shinge suna kallo. Wani mai tasi ya riƙa kawo motarsa kullum alhali ko ƙura babu a jikinta. Inna tana taka keke da ƙafa, tana tura yadi da hannu ɗaya, tana fizgar igiya da ɗayan, fuskarta a ɗaure kamar mai aikin ofis.

A rana ta tara kyanwar tsumma ta gifta, Direba ya zabura, Kumfa ya kira. Karen ya tsaya cak, jikinsa na rawa, ya waiwayo. Kumfa ya zazzage masa duk abin da ke aljihu, ya rungume shi, 'yan kallo suka yi tafi. Inna ta ce saura kwana biyar, kuma tsumma ba ya numfashi.

Gaskiyarta. Ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, aka kwance wa Manaja bandeji, ita kuwa ba a yi shingen da zai hana ta zagaye ba. Ta hau ta sama ta dira a kan wata mota da aka kawo ba da jimawa ba, ta kwanta a murfin inji tana jin ɗumi. Kumfa bai gan ta ba. Igiyar Direba ta sarƙe da tiyon ruwa, ya kwance ta don ya warware, sannan ya kunna injin feshin ruwa. Ƙarar ta firgita Manaja ta yi tsalle ta ruga a tsakiyar fili, Direba kuma ya bi ta, babu igiya a wuyansa.

Kumfa ya so ya yi ihu, ya so ya jefa bokiti, amma ya danne, ya kira sunan sau ɗaya yadda ya saba.

Direba ya taka birki a kan siminti mai santsin sabulu. Ƙafafunsa huɗu suka tafi kowace da inda ta nufa, ya zame a kan gindinsa ya juya, sannan ya kwaso da gudu ya yi tsalle a ƙirjin Kumfa. Su biyun suka faɗa cikin kumfa. Manaja ta kai saman shinge ta zauna tana lasar ƙafa, ko kallo ba su ishe ta ba.

Kumfa yana kwance a ruwa, kare na lasar aljihunsa, sai ya ji wata dariya da bai taɓa ji ba. Inna ce a bakin shinge, ta cire tabarau tana share hawaye. Shi ma dariyar yake yi, amma nasa hawayen na farin ciki ne, bai kuma ɓoye ba.

Da ya tashi, abu na farko da ya yi shi ne mayar wa Direba igiya. Inna ta ce ya bar shi ya sha iska mana, ai ya ci jarrabawa.

"A'a, Inna. Yau ya ji, gobe ban sani ba. In Manaja tana waje, yana ɗaure."

Ta koma shago. Ya ɗauka magana ta ƙare, sai ga ta ta fito da tef ɗin awo a wuya da ɗan littafinta. Ta ce igiyar nan tana cin wuyan karen, gashin wurin har ya fara zubewa, za ta ɗinka masa abin ɗauri mai laushi da zai zagaye ƙirji. Ta miƙa wa Kumfa bakin tef ɗin, ita ta tsaya daga baya, don har yau ba ta yarda kare ya shinshine ta.

"Zagaya ta bayan ƙafafunsa na gaba. Kada ka matse." Ta sunkuya ta karanta lambar, ta rubuta. "Zan bar masa sarari kaɗan. Yadda kake ɗura masa naman nan, kafin baɗi ya yi ƙiba."