Hanyar Hagu a Kwarin Ngwo

Shekara talatin da ɗaya Alhaji Datti yana sayar da wake a kasuwar Ogbete, kullum yana hangen tsaunukan da suka kewaye Enugu, amma bai taɓa taka ko ɗaya ba. Sai da likita ya ce masa ciwon sukari ya kama shi, zaman rumfa kuma ba zai yi masa magani ba, sannan 'yarsa Nazifa ta samu bakin magana.

A Enugu aka haifi Nazifa, a wani kemis take aiki, Igbo kuwa a bakinta kamar Hausa. Ƙawarta Hope, 'yar Kafanchan, ita ta shigar da ita ƙungiyar wasu masu tattaki, waɗanda ke hawa tudu su gangara kwari duk Asabar ɗin ƙarshen wata.

"Baba, awa biyu ce kawai," in ji Nazifa. "Har tsofaffin da suka girme ka suna zuwa."

"Ni da ban ɓatar da akuya ba, me zan nema a daji?"

Duk da haka ranar Asabar ya shirya, doguwar riga da hula da takalmin roba. Ya haɗiyi ƙwayar maganinsa da shayi, bai ci komai ba don kada su makara.

Su ashirin da wani abu suka tashi daga bakin titi wajen Ngwo. Da farko abin ya yi masa daɗi. Ya tsaya kan tudu ya hango gari a shimfiɗe, har yana neman rufin Ogbete da yatsa. Da aka fara gangara kwari sai tafiyarsa ta ragu. Hope ta karɓi jakar Nazifa don ita Nazifar ta samu damar riƙe shi, ta ce za su jira su a bakin rafi, ta bi sauran.

Inda hanya ta rabu biyu babu kowa. An ce musu a bi jan ƙyalle da aka ɗaura a jikin itatuwa, amma ba su ga ƙyalle ba. Nazifa ta duba waya, babu sabis. Ta ƙwala wa Hope kira sau uku, sai muryarta da ta dawo mata daga dutse. Hanyar hagu ta fi faɗi, ita suka bi.

Sun yi kusan rabin awa kafin ta yarda sun ɓata. Ciyawa ta kai musu ƙugu, hadari ya haɗo ta bayan tudu. Sai ta ji hannun mahaifinta yana rawa a cikin nata. Ta dube shi. Gumi ya jiƙa masa goshi, alhali iskar sanyi ake yi.

"Baba, me ka ci da safe?"

"Shayi," ya ce. Harshensa ya yi nauyi.

Ta san abin nan, sukarinsa ne ya yi ƙasa. Dabinon da ta ɗauko saboda irin haka yana cikin jakar da ke bayan Hope.

Ta ja shi suka ci gaba, domin tsayuwa ba ta da amfani. Can suka ɓulla gefen wata gonar rogo, ta ji sara da muryoyin mutane. Ta ji daɗi, ta juya ta gaya masa. Sai ta ga ya cire hularsa yana cusa ta a aljihu. Tun da take ba ta taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba.

"Mu koma," ya ce a hankali. "Bahaushe a gonar mutane, cikin daji, a wannan zamanin? Wa zai tsaya jin bayani?"

Ita ma ta san labaran da ke yawo, na ɓarnar gonaki da satar mutane, da yadda ake yi wa baƙo kallo. Amma ƙafafunsa sun riga sun fara lanƙwashewa. Ta zaunar da shi gindin wata kwakwar manja, ta ɗaga murya ta yi gaisuwa da Igbo.

Sara ya tsaya. Maza biyu suka fito daga cikin rogo, kowa da adda, wata tsohuwa na biye da su. Babban cikinsu, mai tabo a haɓa, ya dubi rigar Alhaji Datti, ya dubi mayafin Nazifa, sannan ya leƙa ciyawar da ke bayansu.

"Wetin una dey find here?" ya tambaya da Turancin buroka, wato me suke nema a nan. Ya ƙara da cewa su nawa ne, ina sauran suka ɓuya.

Nazifa ta amsa da Igbo. Ta ce masu tattaki ne, sun ɓata, mahaifinta ne wannan, ba shi da lafiya, abu mai zaƙi take roƙo ko mene ne. Mutumin ya ce ta nuna katin shaida. Nata yana jaka, na mahaifinta yana gida. Ɗayan ya ciro waya ya ɗauke su hoto.

Tsohuwar ce ta ture su ta wuce. Ta kwance ƙullinta ta fito da ayaba uku da suka nuna lugub, ta miƙa wa Nazifa. Nazifa ta ɓare tana ba mahaifinta a baki. Ya ci biyu da ƙyar. Ta riƙe tsintsiyar hannunsa tana karanta duk addu'ar da ta zo mata, har ta ga idonsa ya fara tsayawa wuri ɗaya.

"Ku tashi," in ji mai tabon. Ya nuna wata siririyar hanya da bakin addarsa. "Ku shige gaba."

Bai faɗi inda za su ba. Suka shige gaba, shi yana baya. Ruwa ya sauko. Nazifa tana jin takunsa, tana jin addar na taɓa ciyawa, ta kasa waiwayawa. Rakiya ce ko kora? Titi zai kai su ko wajen 'yan sintirin ƙauye? Sau biyu ta tambaye shi, sau biyu ya ce ta yi tafiya kawai.

"Idan wani abu ya faru, ki gudu," mahaifinta ya raɗa mata da Hausa.

"Ka yi shiru, Baba."

Suka iso wani rafi da ruwan sama ya cika, ja wur, yana gudu da ganyaye. Alhaji Datti ya sa ƙafa ɗaya, ruwa ya fizge takalminsa ya tafi da shi. Nan mutumin ya matso da sauri. Nazifa ta shiga tsakaninsu ba ta sani ba.

Ya dube ta, ya yi tsaki, ya miƙo mata addar ta wajen ƙota. "Riƙe min," ya ce. Ya durƙusa ya juya wa mahaifinta baya.

Haka ya goya Alhaji Datti ya ratsa ruwan da ya kai masa cinya, Nazifa na biye, hannu ɗaya da adda, ɗaya riƙe da bayan rigar mahaifinta. Da suka haye ya sauke shi, ya yi haki, sannan ya yi magana mai tsawo a karon farko. Ya ce watanni biyu da suka wuce an ɗauke ƙanensa a gonar nan, sai da aka yi kwana tara kafin ya dawo. Ya ce hoton da aka ɗauka za a nuna wa 'yan sintiri ne, don kada wani ya gan su daga nesa ya yi aikin gaggawa.

Tun kafin su kai titi suka jiyo ana kiran sunan Nazifa. Hope ce da jagoran ƙungiyar, sun jiƙe sharkaf. Hope ta rungume ta tana kuka, tana cewa laifinta ne da ta tafi da jaka.

Alhaji Datti ya kama hannun mutumin da hannu biyu, ya tambaye shi sunansa.

"Obinna."

"Obinna, Allah ya saka maka. Ki gaya masa da yarensu, Nazifa, ki ƙara da gaisuwa wajen tsohuwar nan."

Ta gaya masa. Obinna ya gyaɗa kai, ya karɓi addarsa, ya ce idan za su sake zuwa su biyo ta cikin ƙauye su gaisa da mutane tukuna. Ya juya ya koma cikin ruwan saman.

A mota Nazifa ta ciro abin gwaji daga jakarta ta gwada sukarin mahaifinta, ya dawo daidai. Sai lokacin kuka ya zo mata. Ya bar ta ta yi, yana kallon taga, ƙafarsa ɗaya babu takalmi. Da suka kusa shiga gari ya ce, "Ki bar ni in gaya wa mahaifiyarki da kaina. Ke sai kin tsorata ta."