Fiton Tsakar Rana

Abban yara ne ya sayi gonar, kuma ba don riba ya saya ba. Duk shekarun aikinsa a ofishin inshora ya yi su, zaune ƙarƙashin fanka, kullum zancensa ɗaya: wata rana sai ya yi kiwo. Da ya ji magadan wani tsoho na sayar da 'yar gona a bayan gari, mai ɗakuna biyu da garke da akurki, ko shawara bai tsaya nema ba. Umma, wadda nas ce a sashen masu karaya, ta ce ta ji ta gani, amma kada ya sa ran za ta zama 'yar aikin awaki.

Da aka ba da dogon hutu suka kwashi 'yan matansu biyu suka tare can. Babbar, wadda kowa ke ce wa Yaya, ta wuni tana zagaya gida da waya a sama tana neman sabis. Auta kuwa, da ba ta daɗe da shiga firamare ba, tun ranar farko ta koma 'yar garke. Akwai awaki, da kaji, da agwagi, da zomayen da Abba ya ƙaro, sai wata tsohuwar tunkiya da magadan suka bar musu kyauta, wai ta ƙi shiga mota. Yaya ta raɗa mata suna Firinsifal, saboda yadda take ƙare wa mutum kallo kamar ya makara.

Umma na shanya a bayan ɗaki ta fara jin fiton. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi. Fito ne mai rauni, ja ɗaya dogo sannan gajere, irin na wanda leɓensa ya bushe. Nan take gonar ta yi tsit. Kaji suka daina tono, agwagi suka haɗiye surutunsu. Tunkiyar ta miƙe ta nufi ƙarshen gona, bayan tankin ruwa, sauran dabbobin suka bi ta a layi, ba gudu ba turereniya.

Ta shiga ɗaki ta tarar da Abba na barci, littafin kiwon zomaye a kife a fuskarsa.

"Kai ka yi fito yanzu?"

"Ni? Ni da ko shayi ban iya hurawa ba," ya ce. "Tsuntsu ne. Ƙauye kika zo, sai kin saba."

Ta bar maganar. Amma kashegari tsuntsun ya sake yi, daidai lokacin jiya, haka ma jibi. Dabbobin sukan ɗan jima can su dawo, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Wata rana aka zuba abinci ba a ga Auta ba. Umma ta bi sawun awaki har bayan tanki. Wurin wani lungu ne tsakanin tankin da shingen waya, ga wani tsohon tsani da ya karye an jingine shi. Dabbobin sun yi da'ira, kawunansu a ƙasa. A tsakiya akwai fili da ciyawa ba ta fito ba, tsawonsa kamar na mutum a kwance, kuma ko kaza ba ta taka shi ba. Auta na tsugune a gefe, riƙe da kofinta na roba, tana tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan a ƙasa.

"Me kike yi a nan cikin wannan rana?"

"Ƙishirwa yake ji, Umma."

"Wa?"

"Kaka."

"Kakanki na gari, jiya kuka yi waya."

"Ba shi ba. Na nan."

Umma ta kama hannunta suka koma. Duk zafin ranar, hannun yarinyar sanyi ƙalau.

Abba ya yi dariya da ya ji. Ya ce dabba da sabo aka san ta, ƙila a can tsohon yake ba su dusa, yaro kuma ba a raba shi da abokin ƙarya. Yaya ta ce ita dai in aljani ne a tambaye shi inda sabis ya fi ƙarfi. Umma ba ta yi dariya ba. Da yamma ta ce dusa ta kusa ƙarewa, ta ɗauki mota ta tafi shagon da ke bakin titi.

Mai dusar dattijuwa ce, ba ta da rowar magana. Tana auna buhu Umma ta tambaye ta labarin tsohon da ke gonar a da.

"Allah ya jiƙansa. Ba su faɗa muku ba? Ai ba za su faɗa ba." Ta kaɗe hannuwanta. "Shi kaɗai yake zaune. Bara war haka ya zo nan yana ta murna, wai ɗansa zai kawo masa jikoki hutu. Har gadaje ya sa aka gyara. Ya hau tsani zai duba tanki don kada ruwa ya yanke musu, tsanin ya karye da shi. Ƙugunsa ne ya tafi. Su kuma 'ya'yan suka fasa zuwa, ba wanda ya kira. Lungun nan ko ihu ka yi ba mai ji. Ni ce na tura a duba da na ga shiru ya yi yawa. Aka tarar dabbobinsa sun kewaye shi. Da fito yake kiransu, kin gane. Su kaɗai suka amsa."

Umma ta san karayar ƙugu, ta san abin da rana ke yi wa tsohon da ya kasa tashi. Ba ta tambayi kwana nawa ya yi ba.

Daga ranar, rana na takewa sai ta kulle ƙofa ta zaunar da Auta kusa da ita. Fiton na tashi yarinyar takan daina wasa, ta je ta manna goshi da taga, ba kuka ba magana. Abinci ma sai an yi da gaske. Umma ta ce su koma gari, Abba ya roƙe ta ta bari ya gama gyaran shinge.

Ranar da ya tafi sayo wayar shingen tare da Yaya, aka kira Umma daga asibiti kan jadawalin aiki. Ta fita bakin ƙofa inda magana ta fi fita. Tana cikin gardama da shugabar sashensu ta lura gonar ta yi shiru. Ta waiwaya, kujerar Auta ba kowa, ƙofar baya a buɗe.

Wannan karon fiton bai tsaya ba. Yana yi yana sakewa, tana gudu yana ƙara matsowa. Ta kutsa tsakanin awaki, ba wadda ta kauce mata.

Auta na kwance a filin nan. Ƙafarta ta dama ta juye waje, yadda Umma ta sha gani a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Idonta a buɗe yana kallon sama, kuma daga bakinta fiton ke fita.

Zuciyar Umma ta ce ta sure ta ta gudu. Hannuwanta suka ƙi. Shekaru sun koya musu ba a fizgar wanda ke kwance haka. Ta durƙusa, ta tare ranar da jikinta, ta yi magana da muryar da take amfani da ita a wurin aiki.

"Sannu, Baba. An zo. Ni nas ce, kada ka motsa."

Fiton ya tsaya. Idon ya juyo a hankali ya sauka a kanta. Ta ɗauki kofin robar da ke gefe, da sauran ruwa a ciki, ta tallafo kan ta ɗiga a leɓen.

"Sun iso?" Muryar Auta ce, amma a hankali, kowace kalma da nauyinta.

Umma ta sha yi wa marasa lafiya ƙaryar kwantar da hankali. Ta buɗe baki za ta yi, sai ta kasa.

"Ba su zo ba, Baba. Mu ne muka zo. Wannan da ka riƙe 'yata ce, ba jikarka ba. Ta ba ka ruwa, ta zauna da kai. Ka sakar mini ita."

Tunkiyar ta matso har numfashinta na taɓa wuyan Umma.

"An cika tankin?"

"An cika. Kowa ya sha."

"Tunkiyar... ƙafar baya. A duba."

"Za a duba yau."

Ƙirjin yarinyar ya ɗaga, ya saki wani dogon numfashi da Umma ta sani sarai, wanda in ta ji shi a ɗakin jinya takan duba agogo. Ta riƙe nata numfashin. Sai Auta ta yi atishawa, ta tashi zaune tana sosa ƙafa, ta ce tururuwa ta cije ta, kuma yunwa take ji. Wani zakara ya yi cara. Awaki suka watse suna neman ciyawa.

Da Abba ya dawo ta faɗa masa komai a tsaye, ba ta ƙara ba ta rage ba. Bai ce tsuntsu ne ba. Ya kama tunkiyar ya ɗaga ƙafarta ta baya, suka ga guntun ƙarfe ya nutse tsakanin kofato, nama har ya fara rufe shi. Umma ce ta cire, ta wanke ta ɗaure, Yaya na riƙe da kan tunkiyar.

Ba su sake jin fiton ba. Auta ba ta tuna komai, da aka yi zancen tafiya ma kuka ta sa saboda zomaye sun haihu, don haka suka zauna har ƙarshen hutu. Dabbobin kuwa suka zama marasa jin magana, kullum yamma sai Abba ya bi su da gudu kafin su shiga garke.

Ana gobe za su koma, Umma ta karɓi lambar ɗan tsohon a wurin Abba ta kira. Ta gabatar da kanta, ta ce ta ga ya kamata ya sani, tunkiyar mahaifinsu ta yi ciwon ƙafa amma ta warke, in yana so ya kawo yara su gan ta, ƙofa a buɗe take.

Ta ji hayaniyar motoci a bayansa.

"Wace tunkiya?" ya ce.

Ta ce ba komai, ya yi haƙuri ta katse masa aiki, a gaida yara.