Tarwaɗar Mataimaki

Shekara tara ina koyar da bayoloji, kuma har yau babu abin da ke tafasa mini zuciya irin in ajiye wa yaro abu a gabansa ya ƙi kallonsa. A makon farko na zangon farko na ɗora wa 'yan ajin ƙarshe ganye ɗaya ɗaya a kan benci, na ce kowa ya zana nasa. Yara sittin, wallahi ganye ɗaya suka zana mini, wanda ke cikin littafi, shafi na goma sha huɗu. Wani ma nasa ganyen tsutsa ta cinye rabinsa, amma a takarda ga shi nan lafiyayye sumul.

"Kai, wannan ganyen na gidanku ne?" na tambaye shi. Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa ba dariya nake ba. Na sa aka tattara littattafan kaf, na kulle su a kabad har aka tashi. Na ce daga yau in an shigo ɗakin gwaje-gwaje, abin da ido ya gani shi hannu zai zana.

Sun tsane ni sosai a zangon nan. Na san sunan da suka sa mini, Malama Duba-da-kyau, suna zaton ban ji ba. Mutum ɗaya ce ta ɗauki maganata da gaske, wata siririyar yarinya da kowa ke kira 'Yar Tela saboda sana'ar mahaifinta. Ita kam har ta wuce gona da iri. A ba ta fara, sai ta ƙirga ƙayoyin ƙafarta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗago ta ce, "Malama, tawa ƙafarta biyar ce, in zana ta shidan?" In ce a'a, ki rubuta cewa ɗaya ta karye. Burinta makarantar koyon jinya, kuma can ba sa kallon takardar mutum in babu kiredit a bayoloji. Mahaifinta ya riga ya gaya mata sau ɗaya zai iya tsaya mata ta zauna jarrabawa, don akwai ƙanne biyar a bayanta. In ba ta samu ba, ga keken ɗinki nan.

A zango na biyu muka yi furanni, muka yi ƙashi, muka yi kifi. Karfasa na kawo musu, don ita littafi ya zana kuma ita aka saba tambaya. Sauran yaran sun gano dabara, sai su kalli abin da ke benci na minti ɗaya don su rufe mini baki, su koma gida su haddace zanen littafi. Na sani, na ƙyale su, mutum ba ya yaƙi da yara hamsin da tara kullum.

Ga wanda bai san yadda jarrabawar gwaji, wato ta ɗakin gwaje-gwaje, take ba: hukumar jarrabawa kan aiko wa makaranta takarda a rufe kwana uku kafin ranar, ta lissafa abubuwan da za a tanada a ɗora a benci. Malamin darasi ke nemo su. Amma bana Mataimakin shugaban makaranta ya ce shi zai yi, wai malamai na tsegunta wa ɗalibai. Ni! Ni da nake kulle littafi a kabad! Mutumin nan tarihi ya karanta, bai san bambancin kwaɗo da ƙadangare ba sai ya ga wutsiya. Na haɗiye abin, na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Ranar jarrabawa ba a barin malamin darasi ya shiga, don haka ina zaune a baranda ina gyaran wasu takardu. Da aka tashi, 'Yar Tela ta zo da gudu, fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Malama, sun so su ruɗe mu! Tambaya ta ce a zana ɓawon jikin kifin a faɗi amfaninsa, kifin kuwa tarwaɗa ce, ba ta da ɓawo ko ɗaya. Na zana ta da gashin bakinta, na rubuta cewa fatarta santsi ce."

Na tare wasu yara uku na tambaye su me suka zana. Karfasa. Duk karfasa, da ɓawonta jere reras kamar yadda suka haddace. Na shiga ɗakin, ga tarwaɗa a kowane faranti tana sheƙi. Na nemi takardar hukuma a wurin mai sa ido, ga shi nan ɓaro-ɓaro an rubuta karfasa. Tambayoyi biyu cikin uku a kan kifin nan suke, kuma masu gyaran takarda suna can wani gari da amsar karfasa a hannunsu, ba su taɓa ganin bencinmu ba.

Ban tsaya sallama ba na faɗa ofishin Mataimaki.

"Malam, me aka ce ka kawo?"

"Kifi," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Na je ban samu waccan ba, na kawo wannan. Malama, kifi ai kifi ne."

"Kifi kifi ne? To gobe in an ce ka koyar da yaƙin duniya na farko, ka koyar da na biyu, ai yaƙi yaƙi ne!"

Ya ce in iya bakina. Na ce ba zan iya ba.

Akwai fom da hukuma ta tanada don irin wannan. In makaranta ta canza abin da aka ce a kawo, sai a cika shi a aika cikin mako biyu, masu gyara su san abin da yara suka gani. Shugaba ko malamin darasi, kowannensu na iya sa hannu. Na cika shi a tsaye, na kai wa Shugaba. Ya karanta a hankali, ya cire tabarau, ya ce in zauna.

"Malama, yara nawa suka zana tarwaɗa?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ta kalli abin da aka ba ta."

"To in fom ɗin nan ya isa, masu gyara za su koma amsar tarwaɗa. Ita ta ci, hamsin da tara sun faɗi, don sun zana kifin da babu shi a ɗakin. Ƙila ma a ce satar amsa suka yi, a soke musu duka. Ni ba zan sa hannu ba. Ke kina da hannu, ga biro."

Kai, na ji haushin mutumin nan, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Bai ce uffan a kan Mataimakinsa ba, bai ce za a kira shi ko a tsawata masa ba. Ya miƙo mini fom ɗin kawai, ya mayar da tabaransa.

Na sa hannu a ranar, na zuba fom ɗin a ambulan, na jefa a jaka. Sau biyu ina zuwa bakin gidan waya. Karo na farko na tuna yaron da ya zana ganye lafiyayye, wanda uwarsa ke wankau don ya gama makaranta. Karo na biyu na ce wa kaina ai yarinyar tana da ƙoƙari, takardar rubutu za ta ɗaga ta ko da gwajin ya ja ta ƙasa. Na yi lissafin makin har sau uku, kowane karo yana fitowa yadda nake so. Mako biyu suka wuce ambulan na cikin jakata.

Da sakamako ya fito, makarantarmu ba ta taɓa yin irinsa a bayoloji ba. Shugaba ya kira ni gaban taron safe aka tafa mini, Mataimaki na gefe yana tafi har da jinjina kai, ban san yadda na hana kaina jifansa da takalmi ba. 'Yar Tela ta samu fas. Kiredit ya wuce ta da taki ɗaya.

Bayan kwana biyu mahaifinta ya zo. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar, dattijo ne mai sanyin murya, da guntun zare maƙale a hannun rigarsa. Ina goge benci ya yi sallama, na ba shi kujera, muka gaisa.

"Malama, ba rigima ta kawo ni ba," in ji shi. "Yarinyar nan ta ƙi cin abinci. Ta ce ba ta yi kuskure ba. Ni ban yi boko ba, shi ya sa na zo in ji daga bakinki. In kuskure ta yi, in lallashe ta ta haƙura."

"Baba, ba ta yi kuskure ba. Cikin yara sittin ita kaɗai ta amsa daidai."

Ya gyara zama a kujerar. "To wa zan je in gani?"

Na gaya masa komai, kifin, Mataimaki, fom ɗin, mako biyun. Na yi ta zuba a kan Mataimaki, muryata na ɗagawa, na kira shi duk sunan da ya zo bakina. Dattijon ya bari sai da na gaji.

"Ita takardar da za a aika ɗin, a hannun wa ta tsaya?"

Da na ce a hannun Shugaba, da ba wanda zai ƙaryata ni.

"A hannuna, Baba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dafa benci ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Tana bakin ƙofar makaranta," ya ce. "Ta ce in faɗa miki kada ki damu, ta san kin yi iyakar ƙoƙarinki a kanta. Ni ba zan iya ɗaukar wannan maganar in kai mata ba, Malama. Ki fito ki faɗa mata da bakinki."

Ya tsaya a bakin ɗakin ya riƙe mini ƙofa, yana jira in wuce gaba.