Burodin Malam Sha'aban

Ranar da Alhaji Ɗantsoho ya damƙa wa ɗan ƙanwarsa Nu'uman gidan burodinsa da ke kan hanyar Zango, nasiha ɗaya ya yi masa.

"Ma'aikaci da tsawa yake aiki. Ranar da ka sakar masa fuska, ranar zai raina ka."

"To, Kawu," in ji Nu'uman.

Ya kuwa gwada. Ya tamke fuska, ya riƙa faɗa tun daga ƙofa. Muddin yana tsaye ana aiki, da ya juya baya sai jiki ya yi sanyi. Burodi ya ci gaba da fitowa wani a ƙone, wani bai gasu ba, masu shayi suna ta dawo da shi.

Sai ya tuna abin da aka koya musu a makaranta, cewa kuɗi ne ke sa mutum ƙwazo. Ya lallaɓi Alhaji aka ƙara albashi. Aka yi godiya, aka sa albarka, aka yi sammako na 'yan kwanaki, daga nan kowa ya koma halinsa. Abin ya dame shi har abinci ya daina yi masa daɗi.

Wata rana bayan azahar ya zagaya bayan tanderu, sai ƙanshin citta ya tare shi. Ya iske ma'aikatan sun kewaye wani ɗan burodi, suna gutsura suna gardama. Zailani mai kwaɓi yana cewa kanumfari ya yi yawa, wani yana rantsuwa daidai ne. Mutanen da ke jan ƙafa da safe, ga su idanu a buɗe, kowa da ra'ayinsa. Nu'uman ya matso kusa da su.

Ya miƙa hannu ya gutsura, ya tauna a hankali.

"Wa ya yi wannan?"

Malam Sha'aban, dattijon da ke kula da tanderu, ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Manaja. Ragowar kwaɓi ne, wanda ake zubarwa."

"Ka iya wannan, me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ai ba a tambaye ni ba."

Tun daga ranar Nu'uman ya ware buhun fulawa ɗaya duk Alhamis. Wanda ke da wata dabara ya gwada, in ta karɓu a buga sunansa a jikin leda. Da Alhaji ya ji, har hularsa ya cire.

"Sunan ma'aikaci a ledata? Gobe sai ka ji ya buɗe nasa!"

"Kawu, ka yi mini haƙuri zuwa Sallah. In bai yi ba, ni da kaina zan janye."

Kafin Sallah, masu shayin tashar Daura sun daina cewa a kawo burodi, sai dai a kawo na Malam Sha'aban. Dattijon da a da ba ya ɗaga kai, yanzu shi ke mayar da duk wanda bai gasu sosai ba, ko na waye.

Sai ga wani babban aiki daga Sandamu, walimar saukar karatu, ana so kafin la'asar. Da hantsi injin kwaɓi ya tsaya cak. Nu'uman ya hau babur ya karaɗe gari neman makanike, aka ce ya tafi Katsina. Ya juyo yana shirya abin da zai faɗa wa masu walima.

Tun daga bakin ƙofa ya jiyo hayaniya. Ya leƙa. Sun jawo manyan tebura tsakar gida, sun tuɓe riguna, suna kwaɓi da hannu, gumi na tsiyaya. Babu wanda ya sa su.

"Manaja, ka wanke hannu ka shigo!" Malam Sha'aban ya ɗaga murya. "Abin da ke ɗauke da sunana ba zai makara ba."

Nu'uman ya naɗe hannun riga ya shiga tsakaninsu.

Ana kiran la'asar direban da ya kai burodin ya bugo waya daga Sandamu, ya ce ya sauke, har an fara rabo. Gidan ya kaure da sowa. Nu'uman ya zauna kan buhu, fulawa har a girarsa, yana dariya shi kaɗai.

Zailani ya matso yana goge hannu. "Manaja, Alhamis mai zuwa tawa ce fa. Da dabino zan yi."