Kiran Gindin Matakala

Su uku ne a saman bene: mai feshin fentin motoci, da matarsa mai ɗinki, da 'yarsu da yake kira Uwata. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Kira suka rasa. A da, in ya taso daga gareji, tun daga gindin matakala yake jan murya, "Uwataaa!", ba ya saki sai ta sauko a guje. Yanzu shiru yake hawowa, ya zauna yana tsuke baki yana furzar da iska kamar mai huci. Yarinyar ta tuna ta taɓa kifar masa da gwangwanin fenti, sai ta ɗauka fushin ne bai wuce ba.

Ranar da za a ɗauki hoton huhunsa a asibiti babu makaranta, sai aka tafi da ita. Ma'aikaciyar ɗakin hoto ta nuna masa wata leda a kumbure mai ɗan bututu.

"Malam, wannan iska ce ta daban. Ka zuƙe ta duka, ka riƙe numfashi. Na'ura za ta ga inda ta shiga da inda ta kasa shiga. Leda biyu kawai aka haɗa mana yau."

Ya ce, "Shekara da shekaru ina shaƙar fenti, ba wanda ya ɗauke ni hoto."

Matarsa ta harare shi. "Ai shi ya kawo mu nan. Takunkumin rufe hanci yana rataye a ƙusa kamar kayan ado."

Aka tura shi cikin na'urar, wani ma'aikaci yana riƙe masa da ledar. Uwa da 'ya suna kallo ta bayan gilashi. Ya zuƙe iskar tas, amma tun ba a je ko'ina ba bakinsa ya tsuke, ya sake ta.

Ma'aikaciyar ta ce, "Kash! Ya riga ya saba ne. Masu irin ciwonsa haka suke fitar da iska, ta fi fita da sauƙi. Saura ɗaya."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dube ta, sannan ta dubi makirfon da take yi masa magana da shi. "Anti, yana jin mu?"

"Sosai."

Ta yi ɗage ta kai bakinta. "Baba, zan kira ka. Kada ka saki sai na gama."

Muryarsa ta fito a shaƙe. "To, Uwata. Ki dai tausaya wa ɗanki."

Ya zuƙe leda ta biyu. Na'ura ta hau ƙara, ita kuma ta ja, "Baabaaa!" Ta yi ta ja har idonta ya kawo ruwa, har sai da ma'aikaciyar ta dafa kafaɗarta. "Ya isa. Mun samu."

Likita ya juyo musu da hoton. Huhu biyu ne, hasken ciki a tsattsage, kamar yadin da asu ya ci. "Nan mai haske iska na shiga. Nan mai duhu ba ta kaiwa."

Yarinyar ta tambaya, "Zai koma fari?"

"Wani wurin magani zai iya buɗe shi, 'yata. Wani wurin ba zai dawo ba. Amma yanzu mun san inda muka dosa."

Da suka dawo gida, yarinyar ta tsaya da shi a gindin matakala, ta ɗan jira ko zai gwada kiran. Bai gwada ba. Suka hau tare a hankali, a tsakiya ya jingina da bango yana hucinsa, hannunsa a kanta. Ta zauna kusa da ƙafarsa har ya gama.

A nan ta gane Baba bai taɓa fushi da ita ba. Iskar kiran ce babu, kuma daga yau ita ce za ta riƙa kira.